Nedabiya Mai Kiwon Maraƙin Rantsuwa

Yayana Nedabiya bai taɓa riƙe takobi ba, bai iya karatu ba, bai kuma taɓa ƙetare iyakar ƙasar Yahuda ba. Amma duk wata amana da sarakunanmu suka ƙulla da manyan ƙasashe a zamaninsa, daga garkensa ta fito, da ƙafa huɗu, tana kukan uwa. Shi ne mai kiwon maraƙin rantsuwa. A wurin babanmu ya gaji aikin, a nan ƙauyenmu na Gedor, cikin duwatsun da ke kudu da Urushalima.

Idan sarki zai ƙulla amana da wani sarki, maraƙi ake kawowa a tsaga shi biyu, a ajiye rabi nan rabi can, masu rantsuwa su bi ta tsakani da ƙafafunsu cikin jini. Wanda ya ci amana, a yi masa yadda aka yi wa dabbar, ma'anar ke nan. Sharaɗi biyu babanmu ya dasa wa Nedabiya a kai tun yana tatata. Na farko, kada a sami aibi a jikin maraƙin, ko da ƙarzanen ƙaya ne. Na biyu, daga saukar wuƙa har masu rantsuwa su gama wucewa, ba mai buɗe baki. Wanda ya yi magana ya ɓata rantsuwar, ya jawo wa ƙasa fushin Ubangiji, shi kansa kuma ba zai kai gida da rai ba. Ba wanda ya taɓa gwadawa balle a ga gaskiyar abin.

Irin gatan da maruƙan nan suke sha, ni da nake ƙanwarsa ban taɓa ganin ko rabinsa ba. Da hannu yake tsince ƙaya daga makiyaya kafin ya sake su. Kaska ba ya cire ta da farce, sai ya ɗiga mata man zaitun ya zauna jira har ta saki don kanta, kada ta bar tabo. In za a bi ta wurin tsakuwa mai kaifi, saɓa maraƙin yake yi a wuya, shi ya tafi ƙafa duk faso. Matarsa ta rasu wurin haihuwar ɗansu ɗaya tilo, Shebaniya. Ni kuma a shekarar mijina ya mutu ban haihu ba, sai na tattaro tsummana na dawo gida na goya yaron. Nakan ce wa Nedabiya, "Yaya, da Shebaniya ya zo da kofato, da ya san daɗin uba." Sai ya yi dariya ya ce in bar shi da bakina.

Amma yana son yaron, irin son da ba ya iya faɗa. Shebaniya ya tashi dogo, mai faɗin kafaɗa, ga fuska kamar ba a gidan makiyayi aka haife shi ba. Ya iya kwaikwayon kukan saniya har maraƙi ya baro uwarsa ya biyo shi. Ya kuma haddace sharuɗɗan nan biyu kamar sunansa.

Ƙasarmu ƙarama ce, ga ta a bakin hanya. Masar na kudu, Babila na zuwa ta arewa, mu a tsakiya, gaba kura baya sayaki. Nedabiya ya ba da maraƙi aka rantse wa Masar. Ba a daɗe ba Babila ta lallasa Masar a wani kogi mai nisa da ba mu taɓa jin sunansa ba, ta aiko jakada ya karɓi tata rantsuwar. Wannan karon ba jinin dabba kaɗai suke so ba. Sun ce kowane babban gida na fada ya ba da ɗa guda, ya bi ta tsakanin maraƙin, a tafi da shi Babila jingina. Muddin amana na tsaye, yaran za su ci su sha. Ranar da ta karye, su ne maruƙan. Mu a ƙauye ba mu san da wannan sharaɗi ba, sai daga baya.

Wanda ya zo zaɓen maraƙi wani bafade ne mai suna Azrikam, mutum mai taushin murya, mai zobe a kusan kowane yatsa. Bai wani kalli dabbobin ba. Sai ya tsaya yana kallon Shebaniya, daga sama har ƙasa, kamar mai taya doki.

"Dattijo, wannan ɗanka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To kai ka huta bana. Bar saurayi ya ja igiyar maraƙi a gaban baƙi, su san Yahuda na da maza. Sai dai ba da wannan tsumman ba."

Ya sa bawansa ya kwance wata alkyabba fara mai bakin shuɗi, irin ta 'ya'yan manya, aka yafa wa Shebaniya. Yaron ya juya hagu ya juya dama yana washe baki. "Gwaggo, ya kika gan ni?"

"Na gan ka kamar jaki da sirdin doki," na ce. Da suka tafi na ja Nedabiya bayan garke. "Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Yaushe bafade ya fara tufatar da ɗan makiyayi? Kayan aro ba ya rufe katara."

"Ke dai ba kya ganin alheri ki ce alheri ne. Kakanmu ya ja igiya cikin rigar buhu, babanmu ya ja cikin rigar buhu. Yau an ga darajar gidanmu, ke kuma kina neman tsutsa a ciki."

Na bi su Urushalima. Mata ba sa shiga filin rantsuwa, don haka na hau soron wata mai sayar da gurasa, ina hangen komai. Shebaniya ya jawo maraƙin, alkyabba na walƙiya. Nedabiya na gefe cikin talakawa, ƙirji a gaba. Limamin Haikali ya ɗaga wuƙa, ta sauka, filin ya yi tsit. Aka tsaga, aka raba. Jakadan Babila ya wuce da gemunsa mai kitso. Manyanmu suka wuce. Sai samari masu fararen alkyabbu suka jeru, kowa ubansa na dafe da kafaɗarsa. A nan ne Azrikam ya tako a hankali, ya zare igiyar daga hannun Shebaniya ya yar, ya dafa kafaɗarsa, ya tura shi cikin layin.

Shebaniya ya waiwayo yana neman ubansa. Na ga idonsu ya haɗu. Na ga bakin Nedabiya ya buɗe, sannan na ga ya sa hannu biyu ya toshe shi da kansa. Wuƙa ta riga ta sauka, ba a magana. Shi ma yaron tarbiyyar uban ce a jikinsa, bai ce uffan ba. Ya taka jinin maraƙin da ya raina da hannunsa, ya fita ta ɗaya gefen, sojojin Babila suka rufe bayansa. Ni na yi ihu daga soron har muryata ta dushe, amma wa zai ji mace daga bayan katanga biyu?

Da yamma Nedabiya ya zube a ƙofar gidan Azrikam. Bafaden ya fito yana sakace haƙori.

"Tashi, dattijo, me ka rasa? Ɗanka zai ci nama a teburin sarki, ya koyi rubutu. A nan me zai zama? Mai tsince kaska. Muddin amana na nan, ko gashin kansa ba mai taɓawa. Amma ka ji da kyau. Ranar da Babila ta gane ba jinina ba ne, shi za a fara yankawa kafin a zo kaina. In kana sonsa, ka ja bakinka."

Haka aka sake rufe masa baki a karo na biyu, ya dawo Gedor da igiya a hannu.

Daga ranar Nedabiya ya koma wani mutum. Shi da bai san bambancin Masar da Babila ba sai a launin shanunsu, ya zama ba shi da zance sai na ƙasashe. In ya gama da garke, sai ya sauka bakin babbar hanya ya zauna ƙarƙashin itacen ɓaure yana tare fatake. Wa ya ci wa? Gaisuwar sarkinmu ta tafi arewa bana kuwa? Jakunan da suka wuce da tulunan mai, ina suka nufa? In kaya sun yi arewa, ranar zai ci abinci har ya nemi ƙari. In ya ga baƙo mai askakken kai irin na Masarawa ya nufi birni, sai gurasa ta kwana a kwano. Mutanen ƙauye suka sa masa suna Waziri. "Waziri, yau wa za mu yaƙa?" Sai ya yi murmushin yaƙe ya wuce. Su a saninsu Shebaniya bauta ya bi wani bafade, ba su san rayuwarsa na rataye da kowane tulun mai ba.

Sau ɗaya muka sami labarinsa. Wani falke mai safarar turare ya nemi gidan mai kiwon maruƙa a Gedor. Ya ce wani ɗan babban gida a Babila ya tare shi a kasuwar shanu, ya ja shi gefe, ya ce in ya bi ta nan ya gaya wa tsohon cewa shanun Babila manya ne amma ba mai cire musu kaska, ya kuma gaya wa tsohuwar gidan cewa jaki ya saba da sirdi. Falken ya ɗauka wani zancen banza ne na 'ya'yan masu hali. Ni na shiga ɗaki na yi kuka har na gode wa Allah. Nedabiya kuwa ya sa mutumin ya maimaita saƙon har ya gundure shi, sannan ya yanka masa ɗan akuya.

Shekaru suka tafi a haka. Sai Masar ta yi sabon sarki, mai dawakai da karusai da alkawura masu zaƙi. Askakkun kawuna suka yawaita a hanya. Wata kaka aka matse zaitun, aka cika tuluna, amma jakunan ba su yi arewa ba. Nedabiya ya daina barci. Ya rame har igiyar ɗamararsa ta zagaye shi sau biyu.

Labarin abin da ya faru a fada a bakin masu kawo itace muka ji shi. An ce manya sun rabu biyu. Waɗanda 'ya'yansu ke Babila suna cewa a riƙe amana, sauran suna cewa a bi Masar a huta da haraji. An yi ta ja, sarki ya rasa ta cewa. Sai Azrikam ya miƙe, hawaye a idonsa, ya ce shi ma ɗansa na can, hasken idonsa, amma ƙasa ta fi ɗa, ya sallama shi. An ce sauran iyayen sun sunkuyar da kai don kunya, maganarsa ta rinjaya. Har waƙa aka yi masa a birni. Ɗansa na gaskiya kuwa yana can wani gari wurin dangin uwa, ya yi aure har da 'ya'ya.

Azrikam da kansa ya zo neman maraƙi. Nedabiya ya kama gefen rigarsa.

"Ranka ya daɗe, maraƙin na wace rantsuwa ce?"

"Tun yaushe makiyayi ke tambayar wannan?"

"In an rantse wa Masar, an karya ta Babila. Ɗana fa?"

"Wane ɗan naka? Ai wanda ke Babila nawa ne, tambayi kowa." Ya yi 'yar dariya, sannan ya sassauta murya. "Haba dattijo, kwantar da hankalinka. Kafin labari ya kai can, dawakan Masar sun isa ƙofarsu. Da hannuna zan kawo maka shi. Ka shirya mini jan maraƙin nan, bayan Asabar za a zo ɗauka."

Da suka tafi na ce, "Yaya, an yi gudun gara za a faɗa gidan zago. Mu kora dabbobin nan cikin jeji mu ce kura ta cinye."

"Za su nemo su. Amma ba maraƙi marar aibi a duk Yahuda sai nawa." Ya dubi garken, sannan ya ce, "In babu maraƙi, babu rantsuwa."

Da hantsi na same shi a garke da wuƙar yankan inabi. Jan maraƙin ya zo yana lasar hannunsa kamar kullum. Ya rungume wuyansa, ya daɗe yana yi masa magana a kunne, sannan ya kama kunnen ya tsarge shi har gindi. Dabbar ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya tsufa yana tsare su daga ƙaya, ya gama ya zauna cikin kashin shanu hannu duk jini. Amma a fuskarsa na ga abin da na daɗe ban gani ba. Ya ce, "Ko su rataye ni, na tare rantsuwar nan."

Bayin fada suka zo da wani ƙaramin limami. Nedabiya ya buɗe garke ya nuna musu, yana jiran a ɗaure shi. Limamin ya kama kunnen jan maraƙin ya juya shi, ya yi tsaki.

"Tsoho, ka fara ruɗewa ne? To, ba komai. Ku samo ganyen zaitun ku yi masa rawani, ya sauko ya rufe nan."

"Malam, yana da aibi! Bai halatta ba!"

"Wa zai ɗaga ganye ya leƙa? Masarawan ma ba sa son kallo, su da suke girmama bijimi kamar ubansu. Kawar da kai za su yi. Kai, ja mu tafi, rana na yi."

Muka bi su a baya har Urushalima, shi a gaba yana tuntuɓe, ni ina roƙonsa ya tsaya ya sha ruwa. Na koma soron nan na dā. Mai gurasar ta mutu, 'yarta ce ta bar ni na hau. Komai kamar wancan karon, sai dai baƙin ba su da gemu. Wuƙa ta sauka, fili ya yi tsit. Sai muryar yayana ta tsaga shirun.

"Yana da aibi! Ku ɗaga ganyen! Ni na yanke kunnen! Rantsuwar nan ba ta ƙullu ba!"

Na rufe ido ina jiran aradu. Shi ma na tabbata ita yake jira, don da na buɗe ido na gan shi tsaye ya ɗaga fuska sama. Ba abin da ya sauko. Wasu 'yan tsirarun mutane suka waiwayo, wani ya yi dariya. Jakadan Masar ya tambayi tafinta, tafinta ya taɓa gefen kansa da yatsa. Dogarai biyu suka ɗauki Nedabiya ta hammata suka jefar da shi bayan ƙofa, ko dukan kirki ba su tsaya yi masa ba. A ciki manya suka ci gaba da wucewa, Azrikam a sahun gaba yana tattare rigarsa kada ta taɓa jini.

Na same shi zaune a ƙasa inda aka yar da shi, yana duba hannuwansa. Ya ɗago ya dube ni kamar yaro.

"Ashe ana iya magana," ya ce.

"Tashi mu tafi gida, Yaya."

"Ba abin da ya same ni. Kin gani? Ashe ana iya magana."

Na ɗaga shi muka kama hanyar Gedor. Me zan ce masa? Da ya yi wannan ihun wancan karon, da Babila ta tambayi ɗan waye, da Azrikam ne zai yi bayani.

Sauran kowa ya sani. Babila ta zo kamar fara. Dawakan Masar sun taso, sun zo rabin hanya, sun hango yawan abokan gaba, sun juya gida. Kafin a kewaye birni, wani mahayin Babila ya zo gindin ganuwa ya zube ƙunshi-ƙunshi, kowanne da sunan gidan da za a kai shi. Azrikam ya karɓi nasa a gaban jama'a, ya yage rigarsa, ya zuba toka a ka, aka yi ta zuwa yi masa ta'aziyya. Da makoki ya watse, ya ba wani bawa ƙunshin ya kawo mana, wai ba ya son abin a gidansa. Shi daga baya ya sulale zuwa Masar da iyalinsa, an ce can ya mutu cikin daula.

Alkyabbar ce, fara mai bakin shuɗi. An tsaga ta daga wuya har ƙasa, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya, kuma ba fara ba ce yanzu. Na ɗauko allura don in haɗa ta mu sami abin binnewa. Nedabiya ya ƙwace, ya ce kada in kuskura.

Sojoji sun cinye shanun, garke ya zama kango. Mu tsofaffi biyu ba wanda ya ga amfanin kora mu bauta, aka bar mu da 'yan itatuwan ɓaure. Ya rayu bayan haka fiye da yadda na roƙa masa. Kowace safiya sai ya ɗauki alkyabbar ya shiga kangon, ya shimfiɗa rabi nan rabi can, ya gyara su da kyau yadda ya ga ana yi. Sannan ya kira ni.

"Zo ki tsaya can, ke ce jakada. To, an sauke wuƙa. Ga shi nan ya dafa shi. Kin gani? Ga shi zai tura shi."

Nakan tsaya, don in ban tsaya ba ba zai ci abinci ba. Sai ya ja baya zuwa inda talakawa ke tsayawa, ya cika ƙirjinsa da iska, ya buɗe baki da duk ƙarfin da ya rage masa, har duwatsun Gedor su amsa.

"Ɗana ne! Ba nasa ba ne! Nawa ne!"